Simintin da Inna Ta Bari Ya Kwana

Ni dai tun ina yarinya nake son siminti, kuma har yau da na tsufa ban tuba ba. Ina son yadda ake watsa masa ruwa a share, ya bushe kamar ba a yi komai ba. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ɗauka ina cikin masu kukan zamanin da. Zamanin da akwai gara, akwai kuma ƙuma.

Sa'ad da na yi wayo a unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe, siminti ba abin gidan mutane ba ne, na hukuma ne. Ana ganinsa a tashar jirgin ƙasa, da asibiti, da ofisoshin En'e. A makarantarmu ajin manya kaɗai aka yi wa, mu ƙanana a turɓaya muke zama. Daga kudu jirgi ke kawo shi cikin buhun takarda, mu kuwa mun ɗauka haƙo shi ake yi a can kamar kanwa.

Gidajen mutane daɓe ake yi musu, daɓen unguwarmu kuwa a hannun mahaifiyata yake. Inna muke ce mata. Baba ya taho da ita daga ƙasar Katsina tana amarya, lokacin da ya biyo cinikin auduga zuwa Gombe, kuma cikin kayan da ta zo da su har da madaɓinta, icen nan mai faffaɗan baki da ake dukan ƙasa da shi har ta kwanta ta yi tauri. Ba sana'a ba ce ta a biya. Goro ne da fura, wani lokaci da atamfa idan masu gida na da hali. Amma ba a sa ranar biki a unguwar sai an aiko an ji ko Inna na da sarari, kuma ta san da haka sarai. Tafiyarta ma daban take in za ta wurin daɓe.

Al'adar ita ce maza su ɗaga bango su yi rufi, su tattara tsaninsu su fita. Ƙasan ɗakin amarya na mata ne. A ɗebo marmara da tsakuwa a jakuna, a jiƙa ɓawon ɗorawa a manyan tukwane har ruwan ya yi ja, shi ne makuba. Mata su jeru a duƙe, ɗaya na ba da waƙa saura na amsawa, madaɓai na sauka tare, ana ja da baya har ƙofa. Washegari a komo a sake bi, a rufe duk inda ya tsage, a yayyafa makuba. Inna na da doka ɗaya da ba ta ɗaga wa kowa: ba ta aiki da ƙasar da aka kwaɓa yau. Sai an tara ta an rufe da tsofaffin tabarmi, ana yayyafa mata ruwa safe da yamma, ta kwana ta tsima. Duk daɓen da ya fashe a garin nan, in ka tambaye ta, ba a bar ƙasarsa ta kwana ba ne. Mu 'ya'yanta ko tuwo ne ya yi gudaji sai mu ce ba a bar shi ya kwana ba, ta biyo mu da muciya.

Bayan yaƙin basasa sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan. Ma'aikata suka karɓi ariyas na ƙarin albashi, kowa ya sayi babur da rediyo, wanda wani abu ya rage masa ya ce gini zai yi. Gwamnati gini, 'yan kasuwa gini. 'Yan masana'antun simintin da ake da su, na Sakkwato da na kudu, suka kasa, aka koma yin odarsa daga ƙasashen waje. A rediyo muka ji jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi layi a bakin tekun Ikko wata da watanni, ba wurin sauke su. A Gombe kuwa ko buhu ɗaya kake so sai ka san wanda ya san wani. Ana cikin haka aka ce an gano dutsen da ake yin siminti da shi a wajen Bajoga, nan kusa da mu, za a kafa masana'anta. Tsofaffi suka yi ta mamakin yadda za a dafa dutse ya zama gari. Yayana, da muke kira Hamma yadda 'yan Gombe ke yi, ya bar tuƙin motar auduga ya koma jan tifa a wurin ginin. Sai ƙarshen mako yake zuwa gida, yana ba mu labarin wani bututu da mota za ta iya shiga cikinsa, wai a ciki za a riƙa gasa dutsen. Masana'antar ba ta fitar da ko cokali ɗaya ba tukuna, amma Hamma ya riga ya fara magana kamar shi ne mai ita.

A wannan tsakanin aka sa ranar aurena. Ni ce auta, na gama kwalejin horon malamai ina koyarwa a firamare. Mijin ma'aikacin gidan waya ne, iyayensa mutanen Kano ne mazauna unguwar Nasarawo, kuma a gidan mahaifinsa aka gina mana ɗaki. Ni na zaɓo shi, shi ma yana cewa shi ya zaɓo ni, har yau ba mu gama wannan gardama ba.

Wata ƙawata da ta riga ni aure an yi wa ɗakinta siminti, na je na gani na dawo da abin a raina. Ina zaune a tsakar gida na ce ni fa siminti nake so a nawa. Inna na tankaɗe a lokacin. Hannunta ya tsaya kaɗan, ta ce to, ta ci gaba. Yayyena mata duk ita ta daɓe musu ɗaki, da 'ya'yan maƙwabta da ba su ƙirguwa, kuma ta sha faɗa cewa in ta yi na auta sai ta rataye madaɓi ta huta. Ban manta da wannan ba. Ina dai son siminti ne.

Hamma ya ji, ya buga ƙirji. Yadda ya yi ya samo buhunan, daga shi sai Allah sai wani ɗan kasuwa da ya taɓa ciro wa mota daga laka. Ya kai su Nasarawo a tifa, aka jera a zauren surukaina, maƙwabta na shigowa kallo suna shafawa. Ya ce ya yi magana da wani birkila, magini mai aikin siminti, zai zo in ya gama wani aikin gwamnati, kada kowa ya taɓa. Ya koma bakin aikinsa.

Wannan birkilan ne ya tsaya wa Inna a rai. Simintin ta haƙura da shi, zamani ne. Amma a ce ƙato ya shiga ɗakin autarta da takalmin roba ya yi mata ƙasa, ita tana raye da hannunta biyu, wannan ne ba ta ga yadda za a yi ba. Ta fara zuwa kasuwa ba dalili, tana tsayawa inda ake ginin wani sabon banki tana kallon leburori, ta dawo tana cewa ba wani abin a zo a gani ba ne, yashi ne da ruwa da garin nan, ko waƙa ba sa yi. Tana da aminiya, maƙwabciyarmu, Kirista 'yar Tangale da muke kira Mama, wadda ba a daɓe ba ita saboda ƙarfin dantsenta. Mama ta tambayo mijinta, tsohon leburan ma'aikatar ayyuka, ya gaya mata awon yashi da na siminti. Abin da aka tambaye shi ke nan, shi ya amsa. Ba wadda ta tambayi zancen lokaci, don a wurin matan nan wannan magana ce da aka gama tun kakanni.

Da aka gaya mini shirin, ni mai takardar malanta, cewa na yi madalla, na samu siminti na kuma samu hannun Inna. A kwaleji an koya mana kogunan duniya da manyan biranenta, ba a taɓa ce mana siminti ba ya kwana ba.

Amarya ba ta leƙa gidan miji kafin a kai ta, don haka abin da ya biyo baya a bakin babbar yayata na ji shi, ita kuwa ba ta ba da labari ba gishiri. Ranar Alhamis da la'asar Inna ta ja rundunarta zuwa Nasarawo. Surukata, Hajiya, mace mai jiki da haƙorin Makka, ta tarbe su da fura da goro, ta ba su aron fartanyar maigidanta. Suka farke buhunan gaba ɗaya, suka juye a kan yashi daidai ƙofar ɗakin don kada ɗiba ta yi nisa, suka kwaɓa da kyau. Inna ta murza a yatsa, ta ce ya yi laushi amma ɗanye ne, yana bukatar hutu. Aka tara shi tuli guda, aka soka fartanyar a tsakiya, aka lulluɓe da tabarmi. Ta bar wa Hajiya sallahu a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Juma'a ba a daɓe, sai Asabar.

Asabar da hantsi suka koma da madaɓai, mai ba da waƙa ta fara tun daga bakin hanya. Mama ce ta fara jan tabarma, tabarma ta ce ba inda za ta. Ta ja da ƙarfi, gefe ya yage ya bar saura a manne. Inna ta kama ƙotar fartanya ta girgiza, ko motsi. Ta ɗauki madaɓi ta buga wa tulin, ya yi ƙara irin ta dutsen niƙa, icen ya yi tsalle ya kusa kufce mata. Waƙa ta mutu. Can sai wata tsohuwa ta ce ko a ƙara masa ruwa. Ga tuli ya kai ƙugu, ya tare rabin ƙofar ɗakin amarya, da fartanyar suruki a tsaye a kansa, da sawun kaza a gefe.

Labarin ya riga su isowa gida. Kafin azahar an ji a kasuwa, kafin la'asar an ƙara masa cewa har da akuya a ciki. Hamma ya zo da yamma ya je ya gani, ya dawo ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna da wa zai yi, sai ya tafi neman leburori masu diga da guduma. Sun sha wuya kafin su fasa shi, kuma suka ce ba su taɓa gamuwa da kankare mai kyau irin wannan ba, ruwan da aka yi ta ba shi ne ya ƙara masa ƙarfi. Ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan simintina, na fito na yi dariya har cikina ya ƙulle, na koma na sake kuka. Wani buhun ba zai samu ba kafin biki, kowa ya san wannan.

Inna ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta shige ɗakinta ta saki labule. Baba ya gwada lallashi irin nasa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai gwamnati da kanta ta bar siminti ya kwana a kan teku har ya daskare a cikin jirage, da injiniyoyinta da komai, balle ita. Lallashin bai yi aiki ba. Mata suka riƙa zuwa jaje suna danne dariya da gefen mayafi, ta ce a ce musu tana barci. Abin da ya ba ni tsoro shi ne da ta sa aka ciro madaɓinta daga inda yake rataye a rumfa, aka jefa shi ƙarƙashin gado a ɗakinmu na 'yanmata. A gaban surukai ta ji kunya, a kan aikin da aka san ta da shi, kuma a ɗakin da ta daɗe tana jira. Dangin miji suka aiko cewa ba komai, a shimfiɗa leda a kan turɓaya, in siminti ya samu daga baya a yi. Da aka gaya mata ta ce hakan ma ya yi. Raina ya ɓaci ƙwarai da wannan amsa, don Innar da na sani, da ta ji an ce leda a kan turɓaya sai unguwa ta ji muryarta.

Biki saura 'yan kwanaki sai ga sallamar Hajiya a tsakar gidanmu, da hantsi, ba aike ba sanarwa. Uwar ango ba ta zuwa gidan amarya haka kawai ana gab da biki. Na ruga ɗakinmu na saki labule, don ba ya yiwuwa ta gan ni, amma kunnena na bar shi a waje. Dole Inna ta fito, aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa dab da ƙofarmu. Suka yi doguwar gaisuwa, aka tambayi gajiya da yara da zafi, Inna kanta a ƙasa.

Can Hajiya ta ce, "Ni fa ƙara na kawo, uwar amarya. Kin sa ni aiki. Safe da yamma ina ba dutsen nan ruwa da hannuna, ina korar kaji, har jikokina na hana wasa kusa da shi don kada su tashe shi daga barci. Alhaji kuma ya ce a tambaye ki fartanyarsa."

Sai na ji Inna ta yi wani abu kamar tari, ashe dariya ce ke neman hanya. Suka yi ta yi su biyu. Da suka lafa, Hajiya ta sauke murya ta ce ita ba ta san wani birkila ba, kuma ba za ta karɓi 'yar mutane a kan turɓaya ba. Ta ce tun da ta zo garin nan take shiga ɗakunan amare tana tambayar wa ya yi wannan daɓe, amsa ɗaya ake ba ta, don haka roƙo ta zo.

Inna ta yi gyaran murya. Sannan ta ce, "Hajiya, ba ni ce mai ɗakin ba. Mai ɗakin siminti ta ce tana so."

Ta faɗa ne tana fuskantar labulen, ta san ina nan. Ni kuma ba halin in yi magana surukata na zaune, ko tari aka ji na yi sai an yi da ni a dangi. Na durƙusa na jawo madaɓin daga ƙarƙashin gado, na tura shi ta ƙasan labule har ya taɓa gefen tabarmarsu. Ba wai na daina son siminti ba ne. Hajiya ta ce labulen gidan nan akwai hankali. Sai na ga hannun Inna ya sauko ya ɗauka, ta goge masa ƙura da bakin zaninta.

A ranar aka tura jakuna ɗebo marmara. Lokaci ya ƙure, dangin ango na ta gaggawa, amma Inna ta ce ko za a ɗaga biki sai ƙasarta ta kwana, kuma ta kwana. Yayata ta ce ba ta taɓa ganin taron daɓe irin wannan ba. Waɗanda suka yi dariya duk sun zo da madaɓansu, Mama ta taho da matan cocinsu, Hajiya da kanta ta ci ɗamara ta duƙa ta yi layi ɗaya kafin bayanta ya ce ya isa haka. Mai ba da waƙa ta saka fartanyar Alhaji a cikin waƙar, Inna na amsawa tare da kowa.

Ba a daɗe ba bayan bikina masana'antar ta fara aiki. Tireloli suka riƙa ratsa Gombe, mu da muke jiran siminti daga kudu muka koma aika wa wasu. Shaguna suka buɗe a kowane layi, masu buga bulo suka cika bakin hanya, aka gina gidajen Fedaral Lokos, wanda bai taɓa mafarki ba ya yi wa ɗakinsa siminti har da dakali. Hamma ya yi aure ya yi tumbi. An ci gaba da gayyatar Inna biki, ana ba ta goronta da girmanta, amma ba a ƙara aikowa a ji ko tana da sarari ba. Nawa ne daɓe na ƙarshe da ta yi, kuma ban ji an yi wani a unguwarmu bayansa ba.

Ni ban ga aikin ba sai ranar da aka kai ni. Bayan magariba ne, an lulluɓe ni tun daga kai har gwiwa, tsofaffi na riƙe da ni hagu da dama. Ana son amarya ta yi kuka, ni kuwa tun daga Kumbiya-Kumbiya har Nasarawo na matsa na matsa bai zo ba, wata goggona sai mintsinina take a mota tana cewa kada in ba su kunya. Ina son mijin, ina son tafiyar, kukan me zan yi? Aka tsaya a bakin ƙofa, aka ce in cire takalmi in shiga da ƙafar dama. Amarya a cikin lulluɓi ba ta ganin gado ko jeren kwanonin da ake ta yabawa, abin da ke gaban yatsunta kawai take gani. Fitila na haska shi, ja mai duhu, sumul yana sheƙi, ƙanshin makuba na tasowa, babu tsaga ko ɗaya. Uwa ba ta raka 'yarta ɗakin miji, Inna tana can gida. Na taka, sanyinsa ya ratsa tafin ƙafata, sai na durƙushe a wurin na dafa shi da hannu biyu, kukan da ya ƙi zuwa ya ƙwace mini. Goggo ta bar mintsini ta koma lallashi, aka yi aka yi in tashi in hau gado, na kasa.